Yadda D-16 Ya Zama Megatron: Sharhi Kan Fim Ɗin Transformers One

Tun kafin a kashe fitilar sinima kowa ya san inda labarin zai tsaya. Shekara 40 ke nan ana nuna wa yara Optimus Prime da Megatron suna gwabzawa, wannan ja da shuɗi, wancan ruwan toka, wannan jarumi, wancan bos. Saboda haka da aka ce za a yi fim a kan zamanin da suke aminai, babu wani sirri da ya rage a ƙarshen labarin. Aikin da ya rage wa masu fim shi ne su gamsar da mai kallo cewa rabuwar ba ta da makawa, cewa mutum biyun da suka kwana ɗaki ɗaya suka ci kwano ɗaya za su iya kaiwa ga neman ran juna ba tare da an yi wa ɗayansu asiri ba. Wannan shi ne nauyin da Transformers One ya ɗauka, fim ɗin katun da Josh Cooley ya ba da umarni, wanda ya fito a Amurka ranar 20 ga Satumba, 2024. Wanda bai kalla ba ya sani, zan fasa ƙwan labarin har ƙarshe.

Gabar Optimus da Megatron ba daga alƙalamin marubuci ta faro ba, daga kantar shago ta faro. A 1983 kamfanin Hasbro na Amurka ya karɓi izinin sayar da wasu kayan wasan yara na kamfanin Takara na Japan, masu suna Diaclone da Micro Change. Mutum-mutumi ne da yaro zai lanƙwasa su koma mota, ko jirgin sama, ko rediyo mai kaset. Ba su da tarihi, ba su da dalilin faɗa. Sai Hasbro ya nemi kamfanin Marvel mai buga littattafan zane ya ƙirƙiro musu labari. Jim Shooter ya tsara ƙashin bayan labarin, Denny O'Neil ya raɗa wa wanda ke rikiɗa ya koma tirela suna Optimus Prime, Bob Budiansky kuma ya raɗa wa wanda ke komawa ƙaramar bindiga suna Megatron. Yaron da ya sayi jarumi dole ya nemi wanda jarumin zai doka. Dalilin yaƙin ke nan na farko, kuma a wancan lokacin ya wadatar: Megatron mugu ne saboda an rubuta a kwalinsa cewa mugu ne.

Yaran sun girma, wasunsu sun zama marubutan labarin, sai tambaya ta fara tasowa. A wani kashi na katun ɗin talabijin na 1985 an nuna cewa Optimus da can wani lebura ne mai suna Orion Pax, wanda Megatron ya harbe, dattijo Alpha Trion ya sake ƙera shi. A 2007 littafin zane na kamfanin IDW ya mayar da Megatron mahaƙin ma'adinai da aka zalunta, ya koma ɗan damben fage, daga nan ya zama madugun tawaye. A 2010 littafin Exodus na Alex Irvine ya haɗa su abota, amma kowa da ajinsa: Orion akawu ne a ma'adanar bayanai, Megatron kuma ɗan fage ne daga ƙasan al'umma. A irin wannan tsari bayanin rabuwarsu ba shi da wuya. Sai a ce ai wannan ɗan ofis ne, bai san zafin rami ba, shi ya sa yake da haƙuri.

Dabarar da ta fi kowace a Transformers One ita ce toshe wannan ƙofar. An jefa su biyun rami ɗaya. Orion Pax mahaƙi ne, D-16 ma mahaƙi ne, a birnin Iacon da ke ƙarƙashin ƙasar duniyar Cybertron. Suna haƙo Energon, wanda shi ne abincinsu, shi ne man injinsu, shi ne kuma dukiyar ƙasa. A da can Energon gudana yake kamar kogi, har ranar da Matrix ta ɓace, wato tambarin shugabanci da manyan Prime 13, shugabannin farko na duniyar, ke riƙe da shi. Daga nan kogi ya ƙafe, aka koma haƙa. Al'umma kuma ta kasu biyu. Akwai masu makullin rikiɗa a ƙirji, wani ɗan inji da ke ba su ikon komawa mota ko jirgi, su ne 'yan sama. Akwai waɗanda ƙirjinsu rami ne fayau, an gaya musu haka aka yi su, su ne 'yan haƙa. Shugaban kowa shi ne Sentinel Prime, mai fukafukan zinariya da daɗin baki, wanda kan fita doron ƙasa lokaci zuwa lokaci da sunan neman Matrix, ya dawo hannu rabbana, a tarbe shi da tafi.

Tunda an yi musu zalunci iri ɗaya, me ya sa ɗaya ya zama Optimus ɗaya ya zama Megatron? Amsar da ta fi sauƙi ita ce hali: wannan mai sanyin zuciya ne, wancan mai zafi. Fim ɗin bai bi nan ba, kuma a nan ya burge ni. A farkon labarin Orion ne mai ƙiriniya. Shi ne ke kutsawa ma'adanar bayanai ba da izini ba, shi ne ke karya dokar rami, shi ne ya yaudari abokinsa ya jefa su cikin tseren Iacon 5000 da ba a yi don irinsu ba. D-16 kuwa ɗan bin doka ne na ƙin ƙarawa. Ya yarda da matsayinsa, yana ƙirga kwanakin da za a ƙara masa girma, yana ganin Sentinel kamar uba. Kullum aikinsa fitar da Orion daga rigimar da Orion ya janyo da hannunsa. Da za a tsayar da fim ɗin a minti na 20 a tambayi wanda bai san sunayen ba wa zai ƙona garin, Orion zai nuna.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya kamata a tsaya a kai. Gwarzon D-16 a cikin tsofaffin Prime shi ne Megatronus, wanda ake cewa ya fi duka ƙarfi. Orion ya samo masa sitika mai fuskar Megatronus, irin wadda yaro ke mannawa a jikin kekensa, ya liƙa masa a kafaɗa. Murnar da D-16 ya yi ta yarinta ce zalla. Kyautar aboki ce da ba ta kai ko sisi ba. Daga baya, bayan an kama shi, Sentinel ya ga sitikar, ya ɓanɓare ta, sannan ya zana masa wannan fuskar a ƙirji da wuta don ya wulaƙanta shi a gaban sauran waɗanda aka kama. Fuskar da aka fara da ita a matsayin kyauta, ta koma tabon ƙuna, ita ce a ƙarshe ta zama tambarin Decepticon, rundunar Megatron, da yara suka sani tun 1984. Masu sayar da kayan wasa ne suka zana tambarin don a bambanta kwali da kwali. Marubutan wannan fim, Eric Pearson da Andrew Barrer da Gabriel Ferrari, sun mayar da shi tarihin mutum guda a taƙaice.

Gaskiya ta fito ne a wani kogo a doron ƙasa. Orion da D-16, tare da Elita-1 da aka sauke daga muƙaminta saboda rigimar Orion, da B-127 mai surutun tsiya wanda shi ne Bumblebee na gaba, sun tarar da gawarwakin manyan Prime. Suka farfaɗo da Alpha Trion, ya nuna musu abin da ya faru. Sentinel ba Prime ba ne, hadiminsu ne. Shi ya ci amanarsu ya haɗa baki da Quintesson, baƙin da ake yaƙi da su, aka kashe su. Fitar da yake yi da sunan neman Matrix, harajin Energon yake kai wa iyayen gidansa. Mafi muni kuma, babu wanda aka yi ba makulli. Sentinel ne ke sa a cire wa wasu makullinsu tun kafin su buɗe ido, don a samu masu haƙa.

Labari ɗaya suka ji, a tsaye ɗaya, amma ba asara ɗaya suka yi ba. Orion dama bai taɓa yarda cewa ramin ne iyakarsa ba. Abin da aka gaya masa ya tabbatar masa da zargin da ya daɗe yana yi ne, har ma kamar ya samu sauƙi: ashe ba hauka nake ba. D-16 kuwa duk rayuwarsa a kan wannan ƙaryar ya gina ta. Kowace rana da ya haɗiye fushi, kowane zagi da ya sunkuyar da kai ya karɓa, kowane lokaci da ya ce wa Orion ya bi doka, duk sun tashi a banza a cikin minti ɗaya. Ba makulli kaɗai aka sace masa ba, an mai da shi wawa, kuma shi ya taya da hannunsa. Da Orion ya fara tsara yadda za su kai hujja gari a tona asiri, D-16 ya katse shi ya ce shi kashe Sentinel yake son yi. Brian Tyree Henry, wanda ya yi muryar D-16, shi ya ɗauki fim ɗin a wannan wurin. Muryar ba ta koma ta bos nan take ba, rawa take kamar ta mai shirin kuka. Ya kuma juya kan Orion da wani irin zargi da ba shi da kan gado amma kowa ya san shi: da ba ka ja ni nan ba, da ban sani ba, da ina zaune lafiya.

Wanda ya taɓa ganin mai tsananin biyayya ga wani babba ranar da ya gano an daɗe ana wasa da hankalinsa, ya san ba a tsakiya yake tsayawa ba. Mai shakka tun asali yakan ɗaga kafaɗa ya ce dama na faɗa. Mai cikakkiyar yarda shi ne ke rantsuwa ba zai ƙara yarda da kowa ba, kuma D-16 ya faɗi hakan da bakinsa. Matsalar ita ce wanda ya daina yarda da kowane shugaba, shugaba ɗaya ya rage masa, shi ne kansa. Da suka faɗa hannun tsofaffin dakarun fadar Prime da ke ɓoye a daji, su Starscream da Soundwave da Shockwave, ya tarar da mutanen da aƙidarsu ta dace da sabon raunin da ke zuciyarsa: babu wata gaskiya sai ƙarfin wani a kan wani. Ya lakaɗa wa Starscream duka, ya shaƙe shi har muryarsa ta lalace, taron ya ɗauki ihu. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da aka yi masa tafi, kuma ba don biyayya aka yi ba. Masu zanen kamfanin Industrial Light & Magic sun bi wannan sauyin da launin idonsa: rawaya ne a rami, ya yi ta duhu, bai zama ja sosai ba sai a ƙarshe.

Sai dai kada a ɗauka fim ɗin ya ce fushin D-16 kuskure ne. Duk abin da ya faɗa a kan Sentinel gaskiya ne. Sentinel ya kashe shugabanni, ya nakasa jarirai, ya sayar da ƙasa, ya kashe Alpha Trion yana durƙushe. Mai kallo da kansa yana so a kashe shi. Inda aka saɓa shi ne a kan lokaci da hanya. Sa'ad da D-16 ya ɗora bakin igwarsa a kan Sentinel, an riga an gama yaƙin. Orion ya tayar da mahaƙa, an watsa wa dukan birnin faifan da Sentinel ke fallasa kansa da bakinsa, jama'a sun juya masa baya, yana rarrafe a ƙasa. Kisan da za a yi a lokacin ba na kare kai ba ne, na buɗe sabuwar gwamnati ne. Hujjar Orion ita ce ba za a fara gina ƙasa da yankan mutum a dandali ba shari'a ba, domin duk abin da aka fara da shi shi zai zama doka. Ya shiga tsakani, harbin ya same shi.

A nan ne aka yi wurin da ya fi kowane tsayawa a rai. Orion ya tafi zai faɗa wani rami da ya kai har cibiyar duniyar, hannu ɗaya ya guntule. D-16 ya yi wuf ya cafke shi, domin jikinsa ya saba, abin da ya yi ta yi ke nan tun suna rami. Ya riƙe shi na ɗan lokaci, fuskarsa cike da firgici. Sannan fuskar ta daskare, ya ce ya gaji da cetonsa, ya buɗe yatsunsa. Harbin kuskure ne, amma sakin hannun zaɓi ne, kuma masu fim sun raba biyun da gangan don kada a samu abin fakewa. Bayan nan ya tsaga Sentinel gida biyu a gaban jama'a, ya zare makullin Megatronus da Sentinel ya sata ya sa a ƙirjinsa, ya kira kansa Megatron, ya ba da umarnin a rushe duk abin da Sentinel ya gina, da duk wanda ya bi shi. Jerin masu laifi ya tashi daga mutum ɗaya zuwa rabin gari kafin gawar ta huce.

Wanda ya kalli fina-finan Transformers na Michael Bay zai ga wani abin ban dariya a nan. A fim ɗin 2011, Dark of the Moon, Sentinel Prime ma maci amana ne, kuma a ƙarshe yana kwance da rauni yana ba da uzuri, Optimus Prime da kansa ya ɗauki bindiga ya harbe shi, bayan ya tsinke kan Megatron. Wato abin da Optimus na 2011 ya yi aka tafa masa, shi ne abin da D-16 na 2024 ya yi ya zama bos. Fim ɗin 2011 ya tara sama da dala biliyan ɗaya.

Inda nake da ja da Transformers One shi ne abin da ya biyo bayan faɗuwar Orion. Ya isa cibiyar duniyar, inda a tatsuniyar fim ɗin Primus yake, wanda jikinsa ne ya zama Cybertron. Aka ba shi Matrix saboda sadaukarwarsa, ya dawo da rai da sabon jiki da suna Optimus Prime, ya doke Megatron. Energon ya ci gaba da gudana, makullin mahaƙa ya dawo ƙirjinsu. To, duk wannan ya zo da arha. An shafe sama da awa ɗaya ana gina muhawara ta gaske tsakanin mutum biyu da kowannensu ke da hujja, sai aka kawo hukunci daga sama aka rufe bakin ɗaya. Optimus bai ci gardamar ba, naɗa shi aka yi. Bai taɓa fuskantar tambayar da ta fi wuya ba: da Sentinel ya rayu, wa zai yi masa shari'a, a wace kotu, alhali duk hukumomin garin nasa ne? Megatron ya ɗauke masa wannan nauyin, ya bar shi da hannu mai tsabta. Sannan al'ummar da ta gama gano illar miƙa wuya ga mutum ɗaya mai suna Prime, ta wayi gari tana yi wa wani Prime ɗin tafi. Gaskiya ne wannan na kirki ne, amma ai Sentinel ma haka aka ɗauke shi jiya. Abin da Megatron zai riƙe ke nan ya yi ta wa'azi da shi, kuma ba duka ne ƙarya ba.

Hukuncin da Optimus ya yanke ma abin dubawa ne. Bai kashe Megatron ba, wannan ya dace da aƙidarsa. Amma bai tsare shi ba, bai gurfanar da shi ba. Ya kore shi daga Iacon tare da dukan sojojin da suka fi kowa iya yaƙi a duniyar. A cikin labarin za a ce tsohuwar abota ce ta hana shi. A wajen labarin kuwa dalilin 1984 ne ya dawo: dole yaƙin ya ci gaba, domin akwai kwalaye biyu a kanta. Hasbro ya taɓa gwada taɓa wannan tsarin. A fim ɗin katun na 1986 an kashe Optimus don a buɗe wa sababbin kayan wasa hanya, yara suka yi ta kuka a sinima, iyaye suka yi ca, dole aka dawo da shi a talabijin a 1987.

Masu sharhi sun yaba wa Transformers One, waɗanda suka shiga sinima ma galibi sun fito da yabo, amma kasuwa ba ta yi ba. Ya samu kusan dala miliyan 25 a ƙarshen makon farko a Amurka, bai ko karɓe matsayi na ɗaya daga Beetlejuice Beetlejuice da ke mako na uku ba, sannan bayan mako guda The Wild Robot ya fito, wani katun ɗin na mutum-mutumi, ya janye iyalai. A duniya baki ɗaya bai wuce kusan dala miliyan 130 ba. Ina ganin tallar farko ta cuce shi. An cika ta da barkwancin B-127, har manya suka ɗauka shirmen yara ne, alhali fim ne da ake tsaga mutum gida biyu a tsakiyar gari. Barkwancin kansa yana da yawa a rabin farko, wani ya yi daɗi wani ya gundura. Ga kuma masu cewa ba za su saurari Optimus da ba muryar Peter Cullen ba, wanda ke yin ta tun 1984. Chris Hemsworth, wanda ya yi muryar Orion, ya yi dabara a nan: ya fara da muryar saurayi mai rawar kai, bai nemi nauyin muryar Cullen ba sai bayan Matrix ta shiga ƙirjinsa.

Bayan an gama rubutun sunaye akwai ɗan guntun fage da yawancin masu kallo suka tashi kafin ya zo. Megatron na tsaye a cikin korarrun dakarunsa a doron ƙasa. Ya ce an yaudare su sau ɗaya, ba za a ƙara ba, ya raɗa musu suna Decepticon daga kalmar yaudarar kanta. Sannan aka ɗauko ƙarfe mai zafi, ana bin su ɗaya bayan ɗaya ana buga musu fuskar Megatronus a jiki, kamar yadda Sentinel ya yi masa.